Wutsiyoyi a Firizar Ya Falmata

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Maiduguri sai godiya, sai zafi da rashin wuta.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa suna. Ƙadangare ne, kamar kullum. Ba jan-gwadan nan mai gyaɗa kai a katanga ba. Wani ɗan mitsitsi ne mai launin ƙasa, in ban da wutsiya bai fi yatsa ba. Ba ya hawa bango, a gindin ciyawa yake zama yana cin tururuwa. Malamin da ke duba aikina ya ce ɗan ƙadangaren gida ne, zai girma. Na nuna masa mace ɗauke da ƙwai. Ya ce ya gani, amma sai gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar jinsinsu daban ne. Shi ya sa na ƙare damina ina bin manoma bayan gari, iya inda sojoji suka yarda a kai, ina yanke ƙarshen wutsiya in sa a kwalba, in saki mai ita. Da rani ba na samunsu. Digirina gaba ɗaya yana cikin ƙananan kwalaben nan.

Dole su zauna a sanyi kafin a kai su gwaji, firizar sashenmu a jami'a kuwa ta daɗe da zama kabad. Maƙwabciyata a Ajilari, Ya Falmata, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da sola. Ta karɓi ledar kwalaben ba ta tambaya ba, ni ma ban ga dalilin dogon bayani ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Raudatu

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Wata mai sarin ƙanƙara ta buɗe ledar. Kafin azahar unguwa ta gama bincikenta: Ya Falmata tana jiƙa wutsiyar ƙadangare a zoɓo don jan ciniki. Ban taɓa ganin sakamako ya fito da sauri haka ba. Aka daina sayen ko ƙanƙara, alhali firizar nan ce ke ciyar da jikokinta. Da na je ba ta haƙuri, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malama, da kin faɗa mini. Da na ce a'a, da duk mun huta."

Bulama Umara, mai unguwa, ya tara mu a ƙofar gidansa. Na yi bayanin jinsi da dangi, har na zana a ƙasa. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "'Yata, ni na yarda boko ne. Amma waɗannan ba su yarda ba, kuma su ne masu shan zoɓo." Na ce zan kwashe in kai wani wuri. Wani dattijo ya ce abin da aka kwashe ai yana dawowa, sai dai a ƙone a gaban jama'a. Na dubi Ya Falmata, kanta na ƙasa. Na ce a kawo ashana.

Da hannuna na juye su. Kin san a sinadari mai kama wuta ake ajiye su. Harshen wutar ya tashi shuɗi, mata suka ja baya suna a'uzubillahi, dattijon ya ce, "To, kun gani!" Bayanin yana bakina, Yaya, bai fi jimla ɗaya ba. Sai na ji wata tana cewa baiwar Allah Falmata ba ta sani ba, ajiya aka ba ta, kuma yanzu abin ya ƙone. Na haɗiye jimlata.

Ciniki ya dawo mata. Ni kuma in na wuce, ana janye yara daga hanya. Na gaya wa malamina sai wata daminar, in Allah ya kai mu, in kuma ina da sauran ƙarfin gwiwa. Kada ki gaya wa Inna.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida yara.

Ƙanwarki,
Raudatu