Husaini Ba Malalaci Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren Kwana ta Maza da ke yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kai da malamanka kuna lafiya. Ni ce mahaifiyar tagwayen nan na aji shida, Hassan da Husaini. Na rubuto a fili ne domin a fili aka kunyata ɗana.

Na ɗaya. A zangon da ya wuce ka tsayar da Husaini gaban dukkan ɗalibai, ka kira shi malalaci mai ƙaryar ciwo, aka sa shi tsallen kwaɗo, ka koro shi gida ga jarrabawar fita ta matso. Laifinsa shi ne da asuba bayansa a sandare yake, ruku'u ma sai ya dafa bango, amma da la'asar ana ganinsa a filin ƙwallo.

Na biyu. Da na zo ofishinka, a tsaye ka bar ni. Hujjarka ita ce Hassan: ciki ɗaya, kama ɗaya, kwano ɗaya, ga shi garau.

Ranka ya daɗe, na kai su asibiti a Kano su biyun, an ɗauki hoton ƙashi, an gwada jini. Likita ya ce kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya. Kwanciya ke tsananta shi, motsi ke sassauta shi, don haka ƙwallon da ka kama shi da ita magani ce. Ya ce abin yana bin jini, kuma su biyun sun gaje shi, sai dai a jikin Husaini ya farka, a jikin Hassan yana barci. Abin da ke tayar da shi a wani ya ƙyale wani, likitocin ma ba su gama sani ba. Sai na tuna kakansu, wanda ya ranƙwafa tun furfura ba ta fito masa ba.

Alhamdu lillahi, yanzu ina barci. Ba sammu ba ne kamar yadda maƙwabta suka yi ta faɗa, ba shanyewar jiki ba ce. Yana shan magani, yana motsa jiki kowace safiya, jiya ya yi sallar asuba a tsaye ba tare da bango ba.

Amma malamin da ya yanke hukunci bai tambaya ba, ya koya wa yara zalunci. Ban haifi maƙaryaci ba, kuma da na haifa da ni zan fara hukunta shi.

Don haka ina roƙon a mayar da shi aji ya zauna jarrabawarsa, a ba shi ɗan lokaci da safe jikinsa ya saki, a kuma wanke sunansa a wurin da aka ɓata shi, gaban ɗaliban nan.

Ranar Litinin zan kawo shi da kaina, da takardar likita. Ina fatan wannan karon za a ba ni kujera.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

Hauwa'u, uwar tagwaye,
Ƙafin Maiyaki.