Kwana Ukun da Gulbi Ya Ba Mu

Litinin, 14 ga Agusta
Talle ya zo shagona na maganin dabbobi a Ƙofar Guga. Shekara tara ina yi wa shanunsa allura, ban taɓa ganin ya ƙi zama ba sai yau. Ya ja ni bayan kanta. Wai gulbi ya kawo, ya datse ɓarayin daji a tungarsu, baburansu babu mai. "Malam Lawal, kwana ukku ne. In ruwa ya janye, shi ke nan." Na ce gobe mu je wurin babban jami'in tsaron da nake duba wa raguna a GRA. Bai so ba. Ni na matsa masa.

Talata, 15 ga Agusta
A bakin ƙofa sai da aka rubuta sunansa da na rugarsu a littafin baƙi, littafin da kowa ke buɗewa. Ina gani, na bar su suka rubuta. Oga ya saurare mu, har da baje taswira. Ya ce zai kai maganar sama, sai umarni ya sauko.

Laraba, 16 ga Agusta
Sama garau. Ko manomi bai roƙi ruwa kamar yadda na roƙa yau ba.

Alhamis, 17 ga Agusta
Na kira Oga. Wai masu jirgin sama na jiran na ƙasa, na ƙasa na jiran jirgi. Motoci sun kama hanya, aka ce su juyo, ba a kammala shiri ba. Muryarsa kamar zai yi kuka. Wallahi tsoro nake ji.

Asabar, 19 ga Agusta
Ɓarayin sun haye gulbin tun jiya. Yau motoci suka isa, toka suka tarar. Matata Ramla ta ce, "Bara ma haka aka yi. Sai ɓarawo ya tafi ake ɗaure ƙofa." Shekara nawa ke nan ana abu ɗaya? Da kwana ukun nan da an huta.

Laraba, 23 ga Agusta
Kwana huɗu wayar Talle a kashe. Bayan la'asar sai ga lambarsa. Na ɗauka ina faɗin Alhamdu lillahi. Ba muryarsa ba ce. "Kai ne likitan shanu?" Na kashe. Na cire layin. Ban gaya wa Ramla ba.

Lahadi, 3 ga Satumba
Alamin, ƙanen Talle, ya zo, ya rame kamar kara. Ya ce Talle na da rai, ya san inda ɓarayin suke tsare da shi, masu gadi biyu ne kacal. "Don Allah Malam, kai ni wurin mutumin nan." Na ce ai an yi wa Oga canjin wurin aiki.

Alhali Oga yana nan. Jiya ma na duba masa rago.

Na ba Alamin maganin tsutsa kyauta. Ya daɗe yana kallona, ya ajiye shi a kan kanta ya fita.