Mahaifina Bai Taɓa Hana Kowa Ruwa Ba, Metir

Zuwa ga Metir, kamar yadda ake kiran lauyoyi a nan, babban lauyan da ya zo daga Damagaram ya tsaya wa gidanmu a shari'ar rijiya a kotun Tanut.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawar da furfurarka ta cancanta, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da na'urar da ke yi maka tunani. Na ɓoye sunanka don darajar 'ya'yanka, amma ka san da kai nake. Ni ne malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, na Gangara, ɗan Baba Tanko, wanda ka ce wa ya bar wa manya aikin manya.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, mahaifina ya gina rijiya a dajin arewacin Belbeji tun yana da ƙarfi. Ƙa'idarta kowa ya sani: dabbobin gidan da ya gina su fara sha, sannan baƙo ya yi sallama, a ba shi gwafa ya rataya gugansa, ya shayar, ya yi gaba. Sai wani attajiri ya riƙa turo garkunan shanunsa da 'yan haya suna mamaye gwafannin duka, awakinmu na kuka a bayan komin shan ruwa har rana ta take. Abin da muka kai ƙara ke nan. Mun ce a dawo mana da farkon sha, ba mu nemi komai bayan wannan ba.

Ga abin da nake tuhumarka da shi. Na ɗaya. Da muka same ka, Baba ya yi ta bayani kana ta latsa waya. Ka ce ka yi shari'un da suka fi wannan tun ba a haife ni ba, kuma yanzu akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ke tsara maka hujja kafin shayi ya huce. Na roƙi ka nuna mini takardar kafin ka shigar, tunda ina jin Faransanci. Ka yi mini kallon ɗalibin da ya nemi gyara wa malami allo.

Na biyu. Ranar zama, lauyan attajirin ya ɗauki takardar da ka sa wa hannu ya karanta da ƙarfi, tafinta yana juyawa da Hausa. A nan muka ji, tare da kowa, wai Baba Tanko yana neman kotu ta tabbatar ruwan nasa ne shi kaɗai, a kewaye rijiyar da waya, a sa ƙofa da kwaɗo, a hukunta duk wanda ya jefa guga ba ɗan gida ba. A bayanmu akwai Arɗo, aminin Baba tun samartaka, da dattawan Abzinawa da suka baro dabbobinsu suka zo ba da shaida dominmu. Arɗo ya dubi Baba, ya gyara malafarsa, ya tashi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na uku. Alƙali ya tambaye ka hukuncin baya da takardar ta dogara da shi, ya ce ya nema bai samu ba. Ka yi ta jujjuya shafuka kamar mai neman allura, gumi yana jiƙa baƙar rigarka ta lauya. Da muka fito ka ja ni gefe ka ce na'urar ce ta ƙara gishiri, abin yana faruwa, za a gyara a zama na gaba. Wato ba ka karanta ba. Ka ɗauki sunan dattijo ka miƙa wa abin da bai taɓa jin ƙishirwa ba, ya rubuta abin da ya ga dama, kai kuma ka buga hatimi. Da ɗalibina ne ya kwafo amsa bai duba ba, da na sa shi ya sake, amma shi yaro ne, kuma ba a rataya mutuncin kowa a wuyansa ba.

Kada ka ce ƙauyanci ne ya sa nake ƙin zamani. Ni ma ina amfani da irin wannan na'ura wurin shirya darasi, tana kuma rage mini wahala. Sai dai ina karanta abin da ta ba ni, don na san takan yi ƙarya da fuska a sake. Ba ta san ƙasarmu ta Damargu ba. Ba ta san cewa a nan gara a ce da mutum ɓarawo da a ce ya hana matafiyi ruwa ba. Kai ne aka ɗauka don ka sani, ko ka tambaya in ba ka sani ba. Gogewar da kake taƙama da ita, in ba ta kai ka ga karanta abin da za ka sa wa hannu ba, to tsufa ne kawai a cikin riga mai tsada.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Shari'a ana iya ɗaga ta, takarda ana iya sake ta, amma zancen ya riga ya shiga kasuwar Belbeji ya kai Falanko. Makiyayan da suka saba sauka a gonarmu bayan girbi sun yi mata tsallake bana. Wasu suna wucewa ta gefen rijiyar da dabbobinsu a galabaice, ba sa ko kallonta, don kada a kai su kotu. Baba kuwa yana aika musu su zo su sha, suna cewa sun gode. Ya daina fita, abinci ma sai an matsa masa.

Don haka ga abin da nake nema. Ka janye takardar, ka gaya wa alƙali da bakinka cewa ba maganar Baba Tanko ba ce. Ka bar motarka mai sanyi ka zo Belbeji ran kasuwa, ka tsaya gaban Arɗo da dattawan da suka fita, ka faɗa musu da Hausa cewa kai ne ba ka yi aikinka ba. Sannan duk wanda ya ƙara kawo maka kukansa, ka gaya masa tun farko wane ne zai rubuta, ka kuma karanta masa kafin ka shigar. Mahaifina ya tsufa ƙwarai, Metir, ba ni da tabbacin zai ga wata damina, kuma ba na so a kai shi kabari da sunan da ka laƙaba masa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗe maka ido a kan abin da hannunka ke sa wa hatimi. Ranar da ƙishirwa ta tsare ka a hanya, Allah ya haɗa ka da mai rijiya irin mahaifina.

Wassalam.

Ɗan Baba Tanko,
daga Gangara.