Wasan Taubashi Ya Raba Ni Da Matata Da Ɗana

Daga admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo, ya ce a ɓoye sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, ina fatan kowa lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura, kuma tun farko ina roƙo kada a mai da kwament filin gardamar siyasa, don gardamar ce ta kawo ni inda nake yau. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Faskari da Sabuwa, noman masara muka gada. Matata Zulai 'yar Nijar ce, can wajen Maradi, auren zumunci muka yi kuma muna son juna. Mahaifinta Baffa Lawali ɗan gwaggon Babanmu ne, wato shi da Baba taubasai ne, Baba ɗan namiji shi ɗan mace. Wanda ya taso a gidan da ake wasan taubashi ya san yadda abin yake, ba a fushi, ba a kai ƙara, duk abin da aka faɗa maka sai dai ka rama. Tun ina yaro kowace kaka Baffa sai ya zo mana, kuma bai isa ya zauna ba sai Baba ya ɗauko tsintsiya ya danƙa masa a hannu ya ce bawa ya iso, a share gida. Shi kuma ya buɗe jaka ya fito da dabino da cuku ya ce ga sadaka ya kawo wa mayunwata. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da Alhaji ko Malam ba. Da na saya wa Baba babbar waya, abu ɗaya ya yarda ya koya, yadda ake danna saƙon murya, don kawai ya riƙa tsokanar Baffa.

Da Zulai ta samu cikin fari muka mai da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki a can, aka rufe boda, aka yanke masu wuta daga nan. Ta haifi namiji, na bi ta hanyar daji a kan mashin na je suna, Baffa da kansa ya roƙe ni in sa wa yaron sunan Baba, wai don ya samu wanda zai riƙa aike yana ƙwala wa kira da sunan nan. Muna ce masa Abba. Da aka yi arba'in ban ɗauko su ba, saboda Inna mahaifiyar Zulai tana fama da ciwon suga da ya taɓa mata ƙoda, kuma Katsina aka saba kawo ta ganin likita. To boda a rufe, hanyar daji kuwa mai lafiya ma da ƙyar yake kai labari. Zulai ta ce in bar ta ta yi jinya, na ce ta zauna, uwa ai ba wasa ba.

Ana cikin haka rediyo ta faɗi cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashenmu na yammacin Afirka. Ranar kowace majalisa a garinmu maganar ke nan. Wasu na cewa sun yi ta maza, sun 'yanci kansu, wasu na cewa yunwa ce za ta dawo da su. Mutanen da ko Jibiya ba su taɓa wucewa ba, amma kowa ya zama masanin ƙasashe, har da masu rantsuwa. Wallahi har gobe in na ji ana wannan gardama raina ɓaci yake, don su hira ce, mu kuwa gidanmu ne boda ta ratsa ta tsakiya.

Baba na cikin masu cewa za su dawo. Ya shigo gida da zafin majalisa ya ɗauki waya, ina zaune ina gyaran buhuna, ya danna ya ce, "Bawana, an ce kun yi yaji kun bar gida? To mun ƙulle ƙofa, mun ɗauke wuta. In yunwa ta fara ɗaukar ku ɗai-ɗai, ka taho da tsintsiyarka ka share mani gida in ba ka tsaba." Ya kwashe da dariya a ciki, ni ma na yi dariya, don ya sha faɗa masa abin da ya fi haka. Amma garinmu babu sabis sai an hau tudu, saƙon bai tafi ba, ya maƙale a wayar, mu kuma muka manta da shi. Sai ranar kasuwa da Baba ya shiga Faskari wayar ta kama sabis saƙon ya wuce.

Ashe da safiyar ranar aka kai Inna makwancinta. Sun yi ta kiranmu ba ya shiga. Baffa na zaune kan tabarma tsakiyar masu ta'aziyya ya ga saƙo daga ɗan'uwansa, ya ɗauka gaisuwar rasuwa ce, ya sa a sifika don jama'a su ji. Zulai ta ce tana daga cikin gida ta ji muryar Baba da dariyarsa, ta ji kuma wajen ya yi tsit. A garin da kowa ya san rufe bodar nan ce ta hana a kai matar asibiti.

Da labari ya iso mana ban taɓa ganin Baba ya yi kuka irin na ranar ba. Ya kira ya yi ta'aziyya, ya tura ni da hatsi na je na zauna makoki. Amma haƙuri kan saƙon ya ce ba zai bayar ba, kuma ba girman kai ba ne, na san mahaifina. Cewa ya yi ba a ba taubashi haƙuri, ranar da ka ba shi haƙuri ka nuna wasa ya ƙare, ka mai da shi bare. Shi jira yake Baffa ya huce ya auno masa baƙar magana wadda ta fi tasa, shi ke nan an yi canjaras. Baffa kuwa da ya amsa wayar sai ya ce, "Na gode Alhaji, Allah shi ba da lada." Baba ya ajiye waya ya ce mani, "Ka ji? Alhaji ya ce mani." Ranar ko tuwo bai ci ba.

Bayan an buɗe boda na je ɗauko iyalina. Baffa ya karɓe ni da mutunci, bai ɗaga mani murya ba. Ya ce shi bai riƙe mani mata ba, ya san wasa ne, ya san saƙon ya riga mutuwar, amma mutanen da ke kan tabarmar nan ba su sani ba, kuma 'ya'yansa maza har yau ba sa son jin sunan Baba. Ya ce wanda ya ce ya ƙulle ƙofa ya tako da ƙafarsa ya buɗe, ranar zai haɗa mani Zulai da kayanta. Na dawo na faɗa wa Baba, ya ce bawa ke zuwa gaida ubangida. Na yi fushi sosai ranar, na ce masa aurena ake magana ba wasa ba. Daga baya ya ce in an cire amfanin gona za mu je. Kafin nan ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu muka kwaso muka dawo Ƙanƙara gidan haya, ba mu gama zama ba kuma hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya biyu. Likita ya ce kada a kuskura a yi doguwar tafiya da shi.

Na kira Baffa na faɗa masa. Ya ce Allah ya ba Alhaji lafiya. Zulai ta ce ranar wuni ya yi a ɗaki bai fita gona ba, amma ko sau ɗaya bai yi zancen zuwa ba. Ita kuma tana tsaka mai wuya, kullum muka yi waya sai ta yi kuka, ta ce in na umarce ta za ta biyo ni, amma ba ta so ta fito gidan ubanta ba da albarkarsa ba, ga shi tun rasuwar Inna ita ke dafa masa. Abba yanzu yana gudu ko'ina, yana magana, zuwana na ƙarshe ɓuya ya yi bayan zanen uwarsa yana leƙena. Baba bai taɓa ganin takwaransa ido da ido ba, sai a hoto, in na nuna masa ya riƙa shafa wayar da hannun da ke aiki.

Yayana ya ce in daina lallaɓa, in je da manya in ɗauko matata, addini ya ba ni dama, in sun ƙi in sawwaƙe mata. Ni ba zan iya sakin Zulai ba, ba ta yi mani komai ba. Wani abokina ya ce in koma can da zama tunda ga gonarmu ba ta nomuwa, to Baba fa, in bar wa wa? Har na yi tunanin in ɗauki shatar mota in kwantar da shi mu tafi, in Allah ya yi a hanya shi ke nan, sai kuma in ji ba zan yafe wa kaina ba.

Jiya da hantsi ina ba Baba kunu, ya yi ta nuna mani bayan ƙofa. Na ɗauko buta ya girgiza kai, na ɗauko takalmi ya girgiza kai, sai da na ɗaga tsintsiya ya gyaɗa. Ya yi ta kokawa da bakinsa har ya fito da maganar, ya ce, "Kai mai. Bawana." Yana faɗa hawaye na bin gefen fuskarsa.

Na gane abin da yake nufi, iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan. To amma 'yan'uwa, in na miƙa wa Baffa tsintsiyar nan gaban 'ya'yansa, ko dai ya tuna ɗan'uwansa ya taso ya biyo ni, ko kuma ya ga an sake yi masa izgili a gidan da matarsa ta mutu, in rasa Zulai da Abba gaba ɗaya. Jikin Baba kuma kullum baya yake yi, ba ni da lokacin dogon tunani. Don Allah dattawan guruf, musamman waɗanda suka san taubasantaka da 'yan'uwanmu na Nijar da ke nan, ku faɗa mani gaskiya. Na naɗe tsintsiyar a buhu tana nan jingine kusa da jakata, Baba kuma duk shigowata ɗakin sai ya dubi buhun ya dube ni. In kai ko kada in kai?