Goshin Inna

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Kai da za ka saci karanta littafin nan wata rana, faɗa mini: in baki ya karkace ya koma dama, wane ɓari ne ba lafiya? Kada ka yi sauri, gidanmu kaf sun faɗi wannan jarrabawar.

Inna ta tashi bakinta ya ja dama. Ta kurɓi koko ya zubo ta hagu, ta zo hura wuta iskar ta zurare ta gefe. Idon hagu ba ya rufuwa, sai hawaye. Kafin in dawo daga rumfata ta gyaran waya, yayanta Kawu Ɗanmalam ya iso daga Tarai da wani mai a kwalbar turare. Wai marin aljani ne. Ya hau murza mata kuncin dama.

Na ce Kawu, damar nan ce lafiyayya, ita ke jan bakin don hagu ta saki. Ya ce in je in ji da wayoyina.

Talata, 13 ga Mayu

Yini na yi ina karatu a waya, har mutum biyu suka karɓi kayansu suka tafi. Turancin da tauri, amma na kama: jijiyoyi gicciyewa suke yi kafin su sauko. Ƙwaƙwalwar dama ce ke riƙe da hagun jiki. Ke nan tunda fuskar hagu ce ta saki, ɓarnar tana cikin kai, ta dama. Shanyewar ɓarin jiki.

Na faɗa a tsakar gida da ƙarfi don Kawu ya ji. Sai ya gyara hula ya ce, "To ai dama na ce dama."

Ba wannan damar ba. Sau uku ina bayani, a na ukun ni kaina na ɓata. Inna na zaune bakin murhu. Ta ji komai.

Laraba, 14 ga Mayu

Inna ba ta ci abinci ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta tura ƙanwata Rahma gida-gida neman yafiya. Ta raba zannuwanta, tunkiyarta ta ba maƙwabciyarmu Saude. Da la'asar ta kira ni ɗaki.

"Munzali, kai ne ka karanta. Kwana nawa ake yi?"

Aji uku na bar makaranta. Amma ba Kawu ta tambaya ba, ni ta tambaya.

Abin da ya tsaya mini: hannunta na hagu lafiya lau, da shi ta ɗaga tulu. In dama ta lalace, me ya tsirar da hannun? Ban gane ba. Gobe sai asibitin Rano, ko Kawu ya so ko ya ƙi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Likitar mace ce, Dakta Firdausi. Na fara jero mata dama da hagu, ta ce in dakata. Ta sa Inna ta matse mata yatsu, ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta fito da harshe. Sannan ta ce ta ɗaga gira.

Goshin dama ya yi layi-layi. Na hagu sumul kamar faranti. Na ce shi ke nan, har goshi ya tafi. Ita kuwa likita sai ta ce Alhamdu lillahi.

Saura kaɗan in yi mata rashin kunya. Ta ce goshi daga ɓari biyu na ƙwaƙwalwa yake samun saƙo, da can ciki ne ɓarnar take da ya motsa. Tunda ya kwanta tare da ido da baki, ga hannu da ƙafa lafiya, jijiyar fuska ce ta kumbura a hanya, wajen kunnen hagu. Ta tambayi sana'ata, na faɗa.

"To injin lafiya lau. Layi ɗaya ne ya daina kai wuta."

Ta rubuta magani da na ɗigawa a ido, ta ce a riƙa rufe idon da filasta in za ta kwanta. Yawanci yana dawowa. Ta ce da tun Litinin aka zo da ya fi.

Wato abin da ya fi muni a ido shi ne mai sauƙin. Kawu na dama ta waje, ni ina dama ta ciki, ciwo na zaune a hagu yana kallonmu.

Asabar, 17 ga Mayu

Na koma shafin da na karanta a waya don in kama su da ƙarya. Maganar goshi tana nan. Layi huɗu ƙasa da inda na tsaya.

Lahadi, 1 ga Yuni

Girar hagu ta motsa yau. Kaɗan, amma Rahma ma ta gani. Kawu ya ce ai man nan ba ya ƙarya.

Ni na je gidan Saude karɓo tunkiya. Ta miƙo mini igiya tana tambaya ko likitan gidanmu ya ɗage wa Inna tafiyar lahirar. Zannuwan biyu sun dawo, ɗaya an riga an ɗinke.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Har yanzu ni take miƙo wa kwalin magani in karanta mata. Har ƙasan rubutun nake kaiwa.

Ni dai wani ya tsaya a tashar Kibiya ranar kasuwa ya amsa mini a gaban kowa: da wanda ya shafa mai inda ba ciwo, da wanda ya sa uwarsa ta raba kayanta tana ƙirga kwana, wa zai kira wani jahili? Ina jira.