Ɗan Kwangila Mai Fartanya

Zuwa ga Maigirma Babban Jami'in Haraji mai kula da shiyyarmu,

Ranka ya daɗe, bayan sallama da gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka, har da wanda ya ɗauke mini keke, ina sanar da kai cewa ni ne Audu Mai-lambu, mazaunin Gama, wanda ofishinka ya naɗa ɗan kwangila ba kiɗa ba rawani. Ban yi boko ba. Malamin rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ya buga wannan, na kuma sa ya karanta mini sau biyu don kada ya zuba mata zuma. Na ce a kai ta jarida ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana ce mini kana mitin.

Na ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan ina kula da lambun gidan saukar baƙi na wani kamfani a Nasarawa GRA. Da na zo, fili ne fetal, sai tsamiya guda da gidan gara. Yau ka je ka ga mangwaro da gwaba da lemo, da furannin da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto a gabansu. Tun ana fam da sule akawu ke miƙo mini ambulan duk ƙarshen wata, in dangwala yatsa, ya ce an cire na gwamnati. Yanzu naira arba'in ce. Ban taɓa tambayar nawa aka cire ba, don na ɗauka gwamnati ba ta cin guminka sau biyu.

Na biyu. Bayan ƙaramar Sallah wani ma'aikacinka ya zo a kan babur, da wando mai share ƙasa da gashi kamar an kifa masa kwando. Ya same ni a durƙushe ina dashe. Bai ce sannu da aiki ba. Ya buɗe fom ya yi mini tambaya huɗu, ni kuma na ba shi gaskiya, ashe gaskiyar ce laifina.

Ya tambaye ni kayan aikin na wa ne. Na ce nawa ne. Kamfani ya taɓa sayo injin yankan ciyawa daga ƙasar waje, a cikin akwati kamar amarya. Kwana tara ya yi ya mutu, yanzu kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Fartanyata da laujena maƙerin ƙauyenmu ya ƙera su, hannuna ya san ƙotarsu. Manomin da ke aron fartanya ai ba manomi ba ne.

Ya tambaye ni wa ke yanka mini lokacin zuwa aiki. Na ce shuka ce. Duk wanda ya taɓa riƙe bokiti ya san ba a ba ta ruwa rana ta take. Da an sallame Asuba nake hawa keke, kafin hantsi na gama ban-ruwa, sai kuma la'asar sakaliya in dawo. Littafin da ma'aikata ke sa hannu ƙarfe takwas ake buɗe shi, lokacin ni na yi rabin yini. Ban ga dalilin da zan bar tiyo yana zuba in je in bi layi bayan kuku don in shaida wa littafi na zo ba. Mangwaron ya shaida.

Sai ya tambaye ni wane ne ubangidana mai ba ni umarni. Ranka ya daɗe, da furfurata zan dubi sa'an ɗan cikina in ce masa ni baran wani ne? Na ce manaja shida na gani sun zo sun tafi, ba wanda ya iya bambanta dashen gwaba da na lemo, ba kuwa wanda ke koya mini aikina. Ya ƙara da ko ina yi wa wasu aiki. Na ce akwai Hajiya ta gidan maƙwabta, ranar Juma'a nakan rage mata shinge, ta ba ni tuwo da goro, da Sallah ta ba ni tsohuwar rigar marigayi mijinta. Ya gyaɗa kai kamar ya kama ɓarawo, ya yi ta rubutu.

Na uku. Bayan mako biyu takarda ta zo, wai ni ɗan kwangila ne mai zaman kansa, in biya naira ɗari da ashirin. Albashina na wata uku ke nan cif. To, ni na san 'yan kwangila, domin a titinsu nake aiki. Na ga waɗanda shekaranjiya a ƙafa suke shigowa GRA neman mai ba su kuɗin mota, yau Marsandi biyu a ƙofar gida, sun yi wa gwamnati hanyar da damina ɗaya ta lashe. Na ga ma'aikacin naka da idona a ƙofar ɗayansu, ya kashe babur tun daga nesa, ya tuɓe takalmi yana gaida maigadi. Can bai buɗe fom ba. Sai a kan mai fartanya biro ɗinsa ke kawo tawada.

Na huɗu. Na kai takardar wurin akawun kamfani, ina tsammanin zai yi dariya ya ce kuskure ne. Sai ya ce ai daidai ne, sunana ba ya cikin jerin ma'aikata, daga kuɗin gyaran gida ake biya na, tare da fenti da tsintsiya. Na ce to na gwamnatin da ake cirewa shekara goma sha tara fa, ina yake shiga? Ya dubi silin, ya ce zai bincika. Har yau yana dubawa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, direba ya sayi rediyo, kuku ya sayi keken ɗinki, ni aka ce nawa yana hanya.

Na biyar, kuma nan nake so ka gyara zama. Ranar Talatar makon jiya mutanenka suka tare ni a hanya suka karɓe kekena, wai jingina, in ban biya ba kafin ƙarshen wata a yi gwanjonsa. Tun ranar a ƙafa nake zuwa daga Gama, da gwiwar da ta haura sittin. Kafin in iso rana ta fito, dashen ya fara sunkuyar da kai. Manaja ya fusata. Shekaranjiya ya aiko mini da takarda mai hatimin kamfani, malamin nan ya karanta mini ita kalma-kalma. An yanke mini naira uku saboda makara, an kuma gargaɗe ni cewa ma'aikacin da ya sake makara za a sallame shi daga aiki. Ma'aikaci, haka suka rubuta da hannunsu. Ku ne masu boko, sai ku gaya mini a wane littafi ake yanke wa ɗan kwangila albashi don ya makara.

Saboda haka ga roƙona. A soke wannan suna da aka liƙa mini, a rubuta ni a matsayin da kamfani ya rubuta ni ranar da ransa ya ɓaci. A tura mai babur ɗin wurin akawu, da takalminsa a ƙafa, ya tambayo inda kuɗin gwamnati ya kwana. A dawo mini da kekena kafin ranar gwanjo, da famfonsa da ƙararrawarsa, don na ƙirga abin da ke jikinsa. Naira ɗari da ashirin kuwa ba ni da ita, in ma ina da ita ba zan biya ba.

Na haɗo da kwafin takardar manaja. Ta ainihin tana ɗinke cikin hulata, domin na san yadda takarda ke yin ƙafa a ofis. Wanda ke son ganinta sai ya zo ya ce mini sannu da aiki tukuna.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ma'aikata masu ido, ya tsare ka daga tsufa a hannun wanda zai tambaye ka na wane ne kai.

Wassalam.

Audu Mai-lambu,
Gama.