Tunda Rumbun Ya Daina Kullewa

Apa Shirin,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar mahaifiyarmu Amma?

Ni lafiya lau a Dhaka. An ɗora min zaɓen sabuwar manhajar rumbun bayanan kwamfuta na ofishinmu. Tsohon rumbun, da mutum ɗaya ya fara shigar da bayani sai ya kulle wa kowa, aiki ya tsaya. Sai Tanvir, maƙwabcin teburina, ya ce, "Ya sake cijewa, ku taso!" Mu sauka shan shayi, ana ta tsokanar karin harshena na garinmu Sylhet.

Na zaɓi mai kulle layin da ake rubutu a kai kawai. Bincike yanzu kamar ƙiftawar ido, har oga ya yaba min. Sai dai ba mai tashi kuma. Jiya da na sauka, mai shayi ya leƙa bayana ya ce, "Ina sauran?"

Yabon kawai za ki gaya wa Amma. Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Mahfuz